Kakuri Da Gaskiyar Da Muke Jin Nauyin Faɗa A Cikin Gida

Duk wanda ya duba jerin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu zai ci karo da sunaye biyu masu maƙwabtaka da juna: Kakuri Hausa da Kakuri Gwari. Idan ya tsallaka kogi ya nufi arewa, zai tarar da Tudun Nupawa. Waɗannan sunaye shaida ce ta yadda aka gina Kaduna tun lokacin da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Gari ne da jama'a suka taru daga kowace nahiya a kan ƙasar da Gbagyi suka riga kowa zama, kowa ya zo da harshensa da abincinsa da addininsa.

Babu unguwar da ta san wannan haɗuwa kamar Kakuri. A nan ne masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki a 1957, a zamanin Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, sannan kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya soma aiki a 1975. Idan jiniya ta kaɗa, Bahaushe da Bayarabe, ɗan Bajju da ɗan Tibi, Banufe da ɗan Ibo, duk ƙofa ɗaya suke bi, inji ɗaya suke tsayawa a kai, ranar biya kuma layi ɗaya suke shiga. A cikin wannan taro ne wani matashi daga yankin da ya zama Jihar Edo a yau, Adams Oshiomhole, ya kama aiki a Arewa Textiles, ma'aikata suka amince masa, har ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a 1982. Wancan zamani yana da nasa tsegumin da nasa son kai. Sai dai mutumin da kuke cin abinci a kwano ɗaya, kuke adashi tare, ka je sunan ɗansa ya zo jana'izar mahaifinka, da wuya wani ya zo ya gamsar da kai cewa dukan ƙabilarsu mugaye ne.

Injinan sun yi shiru. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. A daidai waɗannan shekaru kuma garin ya tsage. Rikicin watan Fabrairu da na Mayun 2000 ya ci rayukan mutum aƙalla 2,000 bisa ƙiyasin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, na Nuwamban 2002 ya ci kusan 250, sannan tarzomar bayan zaɓen 2011 ta zo ta ƙara faɗaɗa ɓarakar. Mutane suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka yi musaya. Musulmi suka kwarara zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista suka nufi Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. Kogin Kaduna, wanda a da gada ce kawai ake hawa a wuce shi, ya zama iyaka. Kakuri da Makera da Barnawa suna cikin 'yan wuraren da har yanzu ake jin kiran salla da ƙararrawar coci a unguwa ɗaya.

Yaron da aka haifa a shekarar 2000 yau magidanci ne. Da yawa daga cikin sa'o'insa sun tashi ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, ba su taɓa shiga gidan wanda ba ƙabilarsu ba. Duk abin da suka sani game da mutanen tsallake, a bakin na gida suka ji shi, ko a wayar hannu. Wannan ne ya sa maganar da ake yi a tsakar gida da zaure da majalisar dare ta fi ta kowane taron zaman lafiya tasiri. Matsayin wannan shafi shi ne: Musulmin da ya ji ana wulaƙanta mutum saboda ƙabilarsa, ko launin fatarsa, ko sana'ar kakanninsa, wajibinsa ne ya buɗe baki, kuma wurin da wannan wajibi ya fi ƙarfi shi ne inda ya fi nauyi, wato a gaban nasa.

Muna iya magana idan mu aka taɓa

Ba a san mu da ƙarancin murya ba idan zaluncin a kanmu ya sauka. Lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyar komawa gida, malamai sun yi huɗuba, matasa sun cika Facebook da rubutu, gwamnoni sun yi magana, kuma daidai ne da aka yi hakan. Lokacin da rikici ya ɓarke a Jihar Blue Nile ta Sudan a watan Yulin 2022, aka kashe sama da mutum 100 a kan taƙaddamar ko Hausawan can 'yan ƙasa ne masu haƙƙin sarauta da fili ko kuwa baƙi, zukatanmu sun yi ƙuna. Musulmin da ke kudancin kogi ya san zafin a hana shi hayar ɗaki da zarar an ji sunansa. Ya san faɗuwar gaba idan aka ce an tare hanya. Alhazanmu da 'yan ci-raninmu sun san kallon raini da baƙar fata ke sha a wasu ƙasashen Larabawa, kuma duniya ta ga hotunan gwanjon baƙaƙen fata a Libiya a 2017.

Wanda ya san wannan zafi shi ya fi cancanta ya ƙi ɗana wa wani. Amma laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. A cikin gidajenmu ana kiran duk wanda ba Bahaushe ba da suna “ƙabila”, kamar mu ba ƙabila ba ne. Ana jifan maƙwabci Kirista da kalmar “arne”, ana koya wa yara ita tun kafin su iya Fatiha. Idan mutum ya yi wauta sai a ce ya yi gwaranci, ana cin fuskar al'ummar da muka zo muka tarar a wannan ƙasa. Mutumin da ya musulunta shekara 30 da suka wuce, ya haddace abin da mu ba mu haddace ba, har gobe “tubabbe” ne, kuma idan ya nemi aure sai a fara sunkuyar da kai. Ana raba masoya saboda kakan yaro wanzami ne, ko mahauci, ko maƙeri, ko kuma an ce asalinsu bayi ne. Ana yi wa yarinya gori da baƙin fatarta har ta koma ga mayukan da za su ɓata mata jiki, domin ta ji maza na cewa a ba su fara ko mayya ce. A 'yan shekarun nan kuma wata sabuwar wuta ta kunno tsakanin Musulmi su ya su: wannan ya ce duk Bafulatani ɗan bindiga ne, wancan ya ce kaɗo ba abin yarda ba ne, alhali a sahu ɗaya suke salla, kuma a gida ɗaya za ka tarar da jinin duka biyun.

Mafi yawan waɗanda ke zaune a wurin da ake irin waɗannan maganganu ba su yarda da su ba. Suna jin ɗacinsu a zuci, amma su yi murmushi su kau da kai. Wannan shirun shi ne abin da muke magana a kai.

Abin da addini ya ce

Musulmi bai buƙatar aron hujja daga waje a wannan babi. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta bayyana cewa an yi mutane dangogi da ƙabilu ne domin su san juna, kuma taƙawa ce ma'aunin daraja a wurin Allah. Aya ta 11 ta surar ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, daidai da halittar sammai da ƙasa. Wanda ya raina launi ko harshe, to, ya duba da kyau ya ga aikin wa yake rainawa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya taɓa yi wa wani mutum gori da mahaifiyarsa, kuma masu sharhi da dama sun ce Bilal ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai bar maganar ta wuce ba saboda girman Abu Zarri da daɗewarsa a Musulunci. Ya faɗa masa kai tsaye cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. A yaƙin Banul Musɗaliƙ kuma, da wani Bamuhajire da wani mutumin Madina suka yi saɓani, kowa ya kira nasa su kawo masa ɗauki, Annabi ya kira wannan kiran da na jahiliyya, ya siffanta shi da abu mai wari, ya ce a bar shi. A duba da kyau: sunan Muhajirai da na Ansaru sunaye ne masu daraja da Alƙur'ani ya yaba, amma da aka mayar da su tutar ɓangaranci sai suka zama abin ƙi. Ina ga sunan ƙabila?

Ga masu raba aure saboda sana'a, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya umarci Banu Bayala su aurar wa Abu Hindin kuma su nemi aure a gidansa, shi kuwa mai yin ƙaho ne, wato wanzami a harshenmu. Abu Huzaifa ya aurar da 'yar ɗan'uwansa, Baƙuraishiya 'yar manyan gida, ga Salim wanda 'yantaccen bawa ne. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce aka gina karatunmu na zaure a kanta, abin lura a dacewar ma'aurata shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke ba da damar raba aure. Nasaba ba sharaɗi ba ce. Saboda haka uban da ya kori mai neman 'yarsa don kakansa mahauci ne, ya san cewa al'ada yake bi, kada ya rataya wa shari'a.

Adalcin kuma bai tsaya a kan Musulmi kaɗai ba. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta wajabta tsayuwa da shaidar gaskiya ko da a kan kai ne, ko iyaye, ko dangi na kusa. Malaman tafsiri sun ambaci cewa ayoyin da suka fara daga ta 105 a wannan sura sun sauka ne game da wani daga Banu Ubairiƙ da ya yi sata, danginsa suka taru suna kare shi, aka nemi ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba, wanda a wasu ruwayoyin Bayahude ne. Wahayi ya sauka ya wanke wanda aka yi wa ƙage, ya tona asirin na gida. Kirista kuwa Alƙur'ani ya kira su Ma'abota Littafi, ya kuma yi umarni a aya ta 46 ta Suratul Ankabut da a yi muhawara da su ta hanya mafi kyau. Saɓanin aƙida tsakaninmu da su yana nan daram, babu wanda ya nemi a ɓoye shi. Amma riƙo da tauhidi bai taɓa buƙatar zagi ba.

Uzurorin da ake fakewa da su

Uzuri na farko shi ne wasa ne. Gaskiya ne muna da wasan barkwanci mai daɗaɗɗen tarihi, irin na Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: a gaban juna ake yinsa, kowa yana ramawa, kowa yana dariya, kuma a ranar wuya abokin wasa shi ne na farkon kawo agaji. Maganar da ake yi a bayan idon mutum, wadda idan ya shigo za a yi tsit, ba wasa ba ce.

Na biyu shi ne su ma suna yi mana. Suna yi, kuma wasu maganganun da ake faɗa a kan Hausawa da Fulani da Musulmi a tsallake sun kai namu muni ko sun fi. Amma Musulmi ba ya ɗaukar ma'aunin halinsa daga wanda ya zalunce shi. Kowa kabarinsa daban. Kuma ta fuskar dabara ma, mai hankalin da ke can yana ƙoƙarin kwaɓar nasa, babu abin da ke karya masa gwiwa kamar a nuna masa hoton zagin da wani namu ya rubuta.

Na uku shi ne gudun fitina da girmama manya. Kunya ado ce, kuma hadisi ya yi umarni da a faɗi alheri ko a yi shiru. Sai dai hana mummuna yana cikin alherin da aka ce a faɗa. Hadisin Abu Sa'idil Khudri da Muslim ya ruwaito ya jera matakan gusar da abin ƙi: da hannu, da harshe, sannan da zuciya ga wanda bai da iko, kuma ya kira na ƙarshen mafi raunin imani. Mutumin da ke zaune a falonsa tare da 'ya'yansa, ko a rukunin WhatsApp na danginsa, da wuya ya ce bai da ikon harshe. A hadisin Anas da Bukhari ya ruwaito an bayyana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Na huɗu shi ne magana ce kawai. Mutanen Ruwanda sun san inda magana kawai take kaiwa. Kafin a kashe kusan mutum 800,000 cikin kwana 100 a 1994, an daɗe ana kiran Tutsi kyankyasai a rediyo da jarida. Ba a fara kisa da adda. Ana farawa ne da sunan da zai cire wa mutum rigar mutuntaka, ta yadda ranar da aka zo kansa babu wanda zai ji tausayinsa. Kaduna ma ta ga haka da idonta. Waɗanda suka mutu a Nuwamban 2002, Musulmi da Kirista, babu ko ɗaya a cikinsu da ya rubuta sharhin ɓatancin da jaridar ThisDay ta buga. An kashe su ne saboda sunansu da unguwarsu.

Magabatanmu sun yi magana

Faɗar gaskiya ga na gida ba baƙon abu ba ne a tarihin malamanmu. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya amsa tambayoyin mutanen Tuwat game da bayi a littafinsa Mi'irajus Su'ud. Ya ƙaryata da'awar cewa baƙar fata dalili ce ta bauta, ya yi watsi da tatsuniyar la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Ya faɗi haka ne ga 'yan'uwansa Musulmi masu cin riba daga cinikin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Bayanu Wujubil Hijra, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da ke saurin rusa mulki. Ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa, da ya ga son duniya da muƙami sun fara shiga cikin jama'ar jihadi, bai rufe ido ba don su ne nasa. Ya soki halin a rubuce, ya kama hanyar gabas, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam.

A zamaninmu ma akwai misalai, kuma a wannan gari. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, kuma aikinsu ya taimaka wajen samar da Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu ranar 22 ga Agusta, 2002, a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Wata uku bayan haka aka sake zubar da jini, abin da ke nuna cewa sa hannun manya bai wadatar ba idan maganar ba ta sauka zuwa tsakar gida ba. Kowannensu ya sha suka daga nasa ɓangaren, an kira su maciya amana, amma ba su fasa ba.

A ranar 23 ga Yuni, 2018, Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Ƙaramar Hukumar Barkin Ladi ta Jihar Filato, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan da suka biyo su. Dattijo ne, ba shi da makami sai harshensa. Abin da ake nema daga yawancinmu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan ba. Jumla ɗaya ce a lokacin cin tuwon dare.

Magana tana da ladabi

Kira zuwa ga buɗe baki ba izini ba ne ga kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan Najeriya 'yancin faɗar ra'ayi, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin haihuwa. Musulmi yana da ƙarin shinge a kan wannan, domin ya san ana rubuta kowace kalma.

Shinge na farko shi ne a rarrabe ra'ayi da ilimi. Mutum yana da damar cewa ga yadda nake gani, amma kada ya sa wa ra'ayinsa rawanin fatawa. Na biyu shi ne tabbatarwa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da bincike kafin a ɗauki labari, kuma Muslim ya kawo hadisin da ke nuna cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Hoton gawarwaki da aka turo maka ba tare da wuri ko rana ba, yana iya zama na wata ƙasa ne, na shekara goma da suka wuce. Tura shi gaba da sunan faɗakarwa yana iya sa a tare hanya kafin magariba. Na uku shi ne a kama mai laifi da sunansa, a bar ƙabilarsa. Ɗan bindiga ɗan bindiga ne, mai tare hanya mai tare hanya ne, kuma Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa babu rai da ke ɗaukar laifin wani. Na huɗu shi ne taushi. Annabi Musa da Haruna an umarce su da sassauta magana ga Fir'auna, a aya ta 44 ta Suratu Ɗaha. Kawunka da ya yi suɓul da baka bai kai Fir'auna ba. Ɗa zai iya samun mahaifinsa a keɓe ya ce: “Baba, Allah Ya ƙara girma, kalmar nan da aka faɗa ɗazu na ji malamai sun yi magana a kanta, kuma yara suna saurare.” Ɗaliba za ta iya ce wa ƙawarta: “Don Allah bar faɗar haka, idan mu aka faɗa wa ba za mu ji daɗi ba.” Wannan ya wadatar a mafi yawan lokuta. Na biyar shi ne tsarkin niyya. Wanda ya tona asirin danginsa a intanet don a tafa masa, neman suna yake yi, ba gyara ba.

Mai faɗar gaskiya kuma ya shirya wa abin da zai biyo baya. Za a ce ya cika iyayi, za a ce boko ya ɓata shi, wani ma ya tuhumi imaninsa. Gaskiya ɗaci gare ta. Amma a kowace majalisa akwai mutum uku ko huɗu da ke jiran wani ya fara, kuma yaron da ke gefe yana haddace abin da ya gani.

Kiranmu

Ga iyaye, musamman mata waɗanda yara suka fi daɗewa a gabansu: a tsarkake harshen gida. A kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta, Gbagyi, Bajju, Atyap, Adara, Ham, Ibo. Idan an yanka ragon layya a tuna da maƙwabci ko wane ne shi, kamar yadda Abdullahi ɗan Amru ya riƙa tambayar iyalinsa ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Idan mai neman aure ya zo, a binciki addininsa da halinsa da abin da zai riƙe iyali, a bar kabarin kakansa ya huta.

Ga ɗalibai, na jami'a da kwaleji da Islamiyya: ku ne kuka fi kowa cuɗanya da waɗanda ba naku ba, kuma wayoyinku ne suka fi gudu. Ku karanta tarihin garinku daga bakin kowane ɓangare. Ku tambayi tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka rage a Kakuri da Makera yadda aka zauna a da, tun suna raye.

Ga limamai da malaman Islamiyya: mumbarin da ya yi kukan Uromi ya kamata ya iya yin huɗuba a kan gorin asali da raina tubabbu da ƙiyayyar Hausa da Fulani, da misalan unguwa, ba na Amurka kaɗai ba. Abu ne mai sauƙi a yabi Bilal a kan mumbari. Jarrabawar ita ce ranar da mai kama da Bilal ya aiko neman auren 'yar liman.

Ga masu gidajen haya da masu ɗaukar aiki a ɓangarorin kogin biyu: duk ɗakin da aka hana mutum saboda sunansa, bulo ɗaya ne aka ƙara a katangar da ta raba garin. Ga hukuma kuma: rashin hukunta waɗanda suka yi kisa a rikice-rikicen baya yana cikin abin da ya sa kowane ɓangare ke riƙe da nasa lissafin, kuma matashin da ba shi da aikin yi ya fi saurin karɓar bayanin da ke ɗora talaucinsa a kan wata ƙabila. Farfaɗo da masana'antun Kakuri aikin tattalin arziki ne, kuma aikin zaman lafiya ne.

Har yanzu a Kakuri marasa lafiya na kwanciya gado kusa da gado a asibitin St. Gerard's da na Gwamna Awan, ba a tambayar jinin da aka ƙara wa mutum na wace ƙabila ne. Har yanzu ana ciniki da Hausa a Kasuwar Monday tsakanin mutanen da Hausa ba harshen uwarsu ba ce. Wannan ragowar zumunci amana ce a hannun waɗanda ke zaune a wurin, kuma kalmomin da ake faɗa a cikin gida su ne za su raya ta ko su ƙarasa ta.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga girman kai da harsunanmu daga cin mutunci, Ya ba mu ikon faɗar gaskiya da hikima ko da a kan kawunanmu ne, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya zaunar da Kaduna da Najeriya lafiya. Amin.